Shekarar da Muka Haƙa Rami Zuwa Ɗakin Haihuwa

'Ya'yana da jikokina, duk lokacin da aka taru a gidan nan aka ci aka sha, sai wani ya tono zancen shekarar rami. Wannan ya ce Mama ce ta haɗa asibiti da kwamfuta ita kaɗai, wancan ya ce ai Baba ne ya yi komai, Mama takarda kawai ta riƙe. Rifkatu kuma ta yi dariya ta ce ita dai abin da ta sani, shekarar ce uwarta ta bar ta da ɗanyen jego ta koma wurin waya. Kowa a cikinku yana da ɗan gaskiyarsa. Amma tun da ni na taka wurin da ƙafata, bari in faɗa yadda abin ya kasance tun idona yana ganin layin takarda.

Asibitin da na yi wa aiki ba gwamnati ce ta gina shi ba. Mutanen ƙauyukan da ke bayan Kafanchan ne suka yi ta tara shi kaɗan-kaɗan, duk shekarar da citta ta yi kyau a ƙara ɗaki, shi ya sa gine-ginensa suka warwatsu kamar kajin da aka watsa wa tsaba. A bakin titi akwai ɗakin kati da ofishin Likita. Kusa da su ɗakin magani. Can a kan tudu ɗakin gwajin jini. Ɗakin haihuwa kuwa shi ne auta, an gina shi a filin da wani dattijo ya bayar, kuma kafin ka kai gare shi sai ka gangara, ka tsallake burtalin da shanun Fulani ke bi zuwa mashaya, sannan ka hau wata gadar katako a kan ƙorama. Ni na shiga aiki ina buga tafireta, na yi furfura a ɗakin kati, har mutane suka manta sunana Laraba suna kirana Mama Kati. Da aka kawo mana kwamfutoci biyar, a ginin bakin titi kaɗai aka sa su, aka haɗa su da waya suna magana da juna. In na rubuta sunan mara lafiya a tawa, Likita ya gani a tasa. Sauran gine-gine ukun kuwa suna nan a zamanin da, sai takarda da ƙafa. Ƙafar kuma galibi tawa ce.

Abin da ya tayar da zancen ya faru wata ranar damina da tsakar rana. An kawo Dije, surukar Ardo Sale na rugar da ke gabas da mu, ta haihu amma jini ya ƙi tsayawa. Aka ɗebi jininta aka kai tudu a duba irinsa. Wayar hannu ba ta kamawa a kwarin ɗakin haihuwa, kuma ko tana kamawa Likita ya hana a karɓi sakamakon jini da baki, domin kuskuren harafi ɗaya yana kashe mutum. Na karɓi takardar daga hannun mai gwaji ana ruwa kamar da bakin ƙwarya, na cusa ta cikin riga, na gangara da gudu irin na mai shekara hamsin da ɗoriya. A kan gadar santsi ya kwashe ni. Ban faɗa ƙorama ba, amma na jiƙe sharkaf, kuma da na isa na zaro takardar sai na tarar tawada ta narke, ba a gane komai. Dole nas ɗin ɗakin haihuwa ta bar Dije a kwance ta hau tudun da kanta. Allah ya sa Dije tana da sauran shan ruwa, ta tashi. Da komai ya lafa Likita ya same ni a baranda ina matse zani.

“Mama Kati,” in ji shi, “takardar jini ba za ta sake tsallake ruwa a asibitin nan ba. Yadda kwamfutarki da tawa suke magana, haka za mu sa tudu da kwari su yi.”

Muka fara da abin da ya fi sauƙi. Aka kira wani mai gyaran lantarki, ya kawo irin shuɗiyar wayar nan da ke haɗa kwamfutocin ofis, ya ja ta ta sama daga rufi zuwa rufi, inda babu rufi ya ɗaura a reshen mangwaro. Babanku Yohanna ya biyo ta wurin a hanyarsa ta dawowa daga gona. Kun san shekara talatin ya yi yana aikin jirgin ƙasa, a sashen sigina da wayoyi, kuma bai taɓa yarda ya yi ritaya a zuciyarsa ba. Ya tsaya da garma a kafaɗa, ya ɗaga kai ya dubi wayar, ya dubi hadarin da ke taruwa a kan duwatsun Kagoro.

“Maman Rifkatu, wannan abu da kuka rataya, gayyatar aradu kuka yi. Ƙarfe a sama daga gini zuwa gini, a ƙasar nan? Ko shanya ba zan yi a kai ba.”

“Baban Rifkatu, wannan kwamfuta ce, ba jirgin ƙasa ba.”

“Tsawa bai san bambanci ba,” ya ce, ya wuce.

Ɗakin magani ya kama. Na tudu ya riƙa kamawa yana saki kamar mai zazzaɓi. Na haihuwa ko motsi bai yi ba. Bayan mako uku aradu ta faɗi kusa da mangwaron, ta bi wayar ta shigo har ofis, ta ƙona akwatin da ke raba layi da kwamfutoci biyu. Na dawo gida ina jiran babanku ya ce ai na faɗa. Bai ce ba. Sai da aka ajiye tuwo, ya rufe ido zai yi addu'ar abinci, ya gode wa Ubangiji saboda ruwan sama da amfanin gona, sannan ya ƙara da cewa, “Uba, waɗanda ka ba kunne, ka ba su ji.” Na ce amin da ƙarfi, muka fashe da dariya mu biyu, miya tana hucewa.

Da damina ta wuce Likita ya nemo wadda ta san aikin. Sunanta Kande, 'yar Manchok, injiniya, tana da shago a cikin Kafanchan. Ta zo a kan babur da wando da takalmin maza, ta ƙi zama a ofis, ta ce in zagaya da ita. Muka auna daga gini zuwa gini, ita da igiyar awo, ni da littafi. A hanya ta yi mini bayani yadda tsohuwa za ta gane. Ta ce shuɗiyar wayar nan tagulla ce a cikinta, in ta wuce mita ɗari maganar da take ɗauke da ita sai ta gaji ta faɗi a hanya, shi ya sa tudu ke kamawa yana saki. Kuma tagulla abokiyar tsawa ce. Sai ta zaro wani guntun baƙar waya daga jaka, ta feɗe bakinta, ta nuna mini wasu zarurruka da ba su kai kaurin gashin kai ba.

“Mama, wannan gilashi ne. Ana ce masa faiba. Haske ke bi ta ciki, ba wuta ba. Tsawa ba ta da abin kamawa a jikinsa, kuma zai kai ɗakin haihuwa ko numfashi bai sake ba. Amma ba ya son a lanƙwasa shi, ba ya son a taka shi. Sai an haƙa rami an sa shi cikin bututu an binne.”

“Rami daga nan har kwari?”

“Har kwari, Mama. Kuma kafin ruwan fari. In ƙasa ta jiƙe, ramin zai riƙa ruftawa, ni kuma na'urar da nake haɗa gilashin da ita aro zan yi, ba kullum ake ba ni ba.”

Wayar da bututun, 'ya'yan yankinmu da ke aiki a birane suka haɗa kai suka aiko. Abin da ya rage hannuwa ne. A taron kwamitin asibiti aka ce sai gayya, kowa ya gyaɗa kai, sannan kowa ya juyo ya dube ni. Likita baƙo ne, shekararsa biyu kacal a wurinmu. Ni kuwa ina shugabar zumuntar mata a majami'armu, kuma babu gidan da ban taɓa rubuta wa kati ba a ƙauyuka bakwai. Na san wanda in ya ce zai zo zai zo, na san wanda sai an bi ta wurin matarsa. Sai aka zo maganar burtali. Ramin dole ya ratsa hanyar shanu, a tare ta kwana da kwanaki. Shekarun da suka gabata an yi rashin jituwa a ƙasar nan, kun san abin da nake nufi, kuma ko da yake Fulanin rugar Ardo Sale ba su taɓa daina zuwa asibiti ba, mu mun daɗe da daina zuwa rugarsu. Wani ya ce a rubuta masa wasiƙa. Na ce maƙwabci ba a aika masa wasiƙa. Washegari ni da babanku muka kama hanya da ƙafa.

Ardo Sale ya shimfiɗa mana tabarma a ƙarƙashin ɗorawa. Dogo ne, siriri, gemunsa fari fat, yana magana a hankali kamar mai tsoron kada kalma ta zube. Aka kawo nono. Na zaro guntun wayar da Kande ta ba ni na miƙa masa, na faɗa masa duk abin da aka faɗa mini. Ya jujjuya shi ya ɗaga shi wajen rana.

“Malama Laraba, in saniya ta taka, zai kama ta kamar wutar lantarki?”

“Ba zai kama ta ba, Ardo. Haske ne kawai.”

“Hasken zai ɗauki maganar jini daga tudu zuwa kwari?”

“Kafin ka ce jam.”

Ya yi murmushi saboda na ari kalmarsu ta Fulatanci mai nufin lafiya. Sai ya tambayi zurfin ramin. Babanku ya nuna gwiwarsa. Ardo ya girgiza kai.

“A tudu gwiwa ta isa. A burtali kuwa a'a. Ku ba ku ga wurin nan a tsakiyar damina da safe ba. Ƙafar bijimi tana nutsewa har nan. In ba ku kai ƙugu ba, shekara biyu shanuna za su tono muku abinku, a ce Fulani sun yi ɓarna. Ku haƙa har ƙugu, ku shimfiɗa duwatsu a kai. Wurin nan ma ku bar mana shi, mu za mu haƙa. Shanu kuma za su zagaya ta bayan dutse har ku gama.”

Muna shirin tashi Dije ta fito daga bukka da goyo. Ba ta jin Hausa sosai. Ta kama hannuna biyu ta riƙe, ta yi ta magana da Fulatanci tana dariya, tana nuna zanina tana kwaikwayon yadda na shigo ɗakin haihuwa a jiƙe. Ashe duk halin da take ciki ranar ta gan ni.

Aka sa ranar gayya Alhamis. Ran Lahadi kafin ta, muna fitowa daga sujada, mijin Rifkatu ya kira daga Kaduna. Ta haihu, mace, mako uku kafin lokacin da muke zato. Haihuwarta ta fari, jikata ta fari. Na yi guɗa a ƙofar majami'a har mata suka kewaye ni. Sai da na isa gida na zauna, lissafin kwanaki ya faɗo mini. Tun cikin yana wata huɗu na yi mata alkawari ni zan yi mata wankan jego, ni zan gasa mata jiki, ni zan dama mata kunu, yadda uwata ta yi mini. Babanku ya ce in tafi, zai riƙe gayyar. Na dube shi. Mutumin kirki ne, amma in ya ba mutum umarni sau biyu, na uku faɗa ne. Ran Litinin na shiga mota da ƙanwarsa Saratu. Na ga yarinyar, na ɗauke ta, na yi wa Rifkatu wanka sau huɗu da hannuna. Ran Laraba da safe na ɗaure jakata.

“Mama, ina za ki?”

“Kwana biyar kawai, Rifkatu. In tsayar da gayyar nan in dawo. Ga Anti Saratu.”

“Anti Saratu ce ta haife ni?”

Ta juya fuskarta wajen bango, ta ce da muryar da har yau ina jinta, “Ki je. Waya tana jiranki.” Na yi kuka daga Mararaban Rido har Kachia, wata mata da ke kusa da ni a mota ta yi ta ba ni haƙuri tana zaton rasuwa aka yi mini.

Amma ran Alhamis, 'ya'yana, da kun ga filin asibitin nan! Rana ba ta gama fitowa ba mutane suka fara sauka daga kowace hanya, da diga da shebur da garma da kwanon sarki. Matan zumunta suka zo da anko da tulunan kiɗansu. Limamin masallacin bakin kasuwa ya turo mutanensa, Fasto ya naɗe ƙafar wando ya karɓi diga, ya sara sau uku aka roƙe shi ya ajiye kafin ya cire wa wani yatsa. Babanku ya ja igiya ya zuba toka a kan layi, ya raba wa kowane ƙauye rabonsa, sai abin ya zama gasa. Mutanen wannan ƙauye su waiwaya su ga na wancan sun wuce su, sai a ɗaga waƙa a ƙara sara. Can ƙasa a burtali Fulani goma sha biyu suna haƙa ba hayaniya, Ardo yana zaune a kan dutse da sandarsa, in an ce an kai, ya sa a shiga ramin ya ga ko ya kai ƙugu. Da rana ta take muka sauke tukwanen gwaten acca, matan ruga suka iso da ƙoren nono da fura a ka. Na ga wani dattijon majami'armu, wanda ya rantse ba zai sake cin abinci da Bafulatani ba, yana miƙa kwanonsa a ƙara masa nono. Na kawar da kai kamar ban gani ba.

Ran Asabar muka ci karo da marmara a gindin tudu. Diga in ta sauka sai ta yi tsalle, wuta ta tashi. Wurin bai fi taku arba'in ba, amma ya cinye mana kusan mako biyu. Gayya ta watse, kowa yana da gonar da zai share, sai na koma bin gida-gida ina roƙon mutum biyar yau, shida gobe. Ni ma na riƙa kwasar tsakuwa da kwanon sarki, domin ba ka roƙon mutum ya yi abin da kai kake tsaye kana kallo. Kwana biyar ɗin da na ce wa Rifkatu suka zama goma, suka zama ashirin. In na kira, Saratu ke ɗauka. Ta ce mai jego tana barci. Na san ba barci take ba.

Da ramin ya haɗu, aikin babanku ya zo. Shi ya nuna a zura igiya cikin kowane bututu kafin a haɗa shi da na gaba, don a sami abin jan waya daga baya. Shi ya gina ƙananan akwatunan siminti a duk inda layin ya karkata. A ƙorama kuwa, inda ba a iya binnewa, ya kawo wani tsohon bututun ƙarfe da ya shekara goma sha biyar a bayan ɗakinmu ina ce masa ya sayar wa 'yan gwangwan, ya ɗaure shi a ƙarƙashin gadar. Da ya gama ya dube ni, na ce na ji, ba sai an kai ni gaban Ubangiji ba wannan karon. Shi da Kande kuwa tun ranar farko suka zama uba da 'ya, suna musu a kan komai, kowa yana jin daɗin musun. Ranar jan waya ta jera mu a bakin kowane akwati, tana bin layi da gudu tana ihu.

“A hankali! Baba, ka ce musu ƙwai suke ja, ba akuya ba!”

Aka rufe bututun da yashi, aka jera jan bulo a kai don duk wanda ya zo haƙa nan gaba ya san akwai abu a ƙasa, sannan aka mayar da ƙasa. Kande ta zauna da na'urarta a kowane gini tana haɗa zaren gilashi, ta hana kowa tari kusa da ita. Ni aikina in liƙa wa kowane zare lamba in rubuta a littafi: wannan na tudu, wannan na kwari, wannan mai kai magana, wannan mai dawo da ita. Ta ce zaren da ya fita daga bakin gini ɗaya, dole ya shiga kunnen ɗayan. A kowane gini ta kafa sabon akwatin raba layi a bango. Ta ce in ƙaramar fitila koriya ta kama a jikinsa, gini ya ji muryar ɗan'uwansa.

Ranar gwaji hadari ya riga ya fara haɗuwa da yamma. Ɗakin magani, koriya. Tudu, koriya, mai gwaji ya leƙo ta taga yana kaɗa farar rigarsa. Muka gangara kwari, jama'a a bayanmu. Fitila ba ta kama ba. Kande ta cire ta mayar, ta goge bakin zaren, shiru. Na ga gumi yana tsattsafo mata. Wani a baya ya ce ko shanu sun riga sun taka, Ardo yana tsaye yana ji. Na san in fitilar nan ba ta kama ba, ba waya kaɗai za ta lalace ba. Ban san komai a aikin injiniya ba, amma shekara talatin ina neman katin da aka sa a gurbin da ba nasa ba. Na sa tabarau, na buɗe littafina, na duba lambobin da ke jikin akwatin.

“Kande, a ofis na rubuta ɗaya a hagu, biyu a dama. A nan ma ɗaya ne a hagu. Ba kin ce bakin wancan shi ne kunnen wannan ba?”

Ta dube ni, ta dafe kai. Ta zare zarurrukan biyu ta musanya su. Fitila ta yi ƙyaf, ta yi ƙyaf, ta tsaya koriya.

Ban san na iya tsalle a wannan shekarun ba. Matan zumunta suka ɗaga waƙar godiya, masu jego suka fito baranda da jarirai suna tambayar me aka haifa. Kande ta ɗaga ni sama kamar buhun acca. Nas ɗin ɗakin haihuwa ta zauna gaban sabuwar kwamfutarta, sai ga sakamakon gwajin wata mai ciki ya sauko daga tudu, sunanta da lambar katinta da komai, ba wanda ya taka ko'ina. Aka matsa wa Ardo ya zo ya gani. Ya sunkuya ya daɗe yana kallon gilashin, ko da yake ba ya karanta boko.

“Wannan ya bi ta ƙarƙashin shanuna?”

“Ta nan ya bi, Ardo.”

“To, madalla. Bai ko gaishe su ba.”

Kwana biyu bayan haka ruwan fari ya sauka da tsawa mai girgiza kwano. Ina ɗakin kati, idona a kan fitilun. Ba wadda ta ƙifta. Na ƙara mako guda ina koya wa nas-nas da mai ba da magani yadda za su nemo kati, domin wasunsu ba su taɓa taɓa kwamfuta ba, sannan na ce wa Likita ko asibitin zai tashi sama, ni na tafi.

Yarinyar tana da kwana talatin da uku na isa Kaduna. Na ɗauko acca da citta da daddawa, da ƙwaryar man shanu da Dije ta kawo har gida ta ce a kai wa mai jego. Ba zan ce muku na yi daidai ba. Rifkatu tana da gaskiyar fushinta, kwanakin nan da na rasa ba su dawowa, kuma wata ce ta fara yanke wa jikata farce. Saratu ta buɗe mini ƙofa, ta yi mini nuni da ido wajen ɗaki, ta sulale kicin. Rifkatu tana zaune a bakin gado tana shayarwa. Na gaishe ta, ta amsa a taƙaice. Na zauna a ƙasa kusa da ƙafarta, duk jawabin da na shirya a mota ya gudu. Can ta ce, ba tare da ta dube ni ba:

“Wayar ta kama?”

“Ta kama.”

“Har ɗakin haihuwa?”

“Har can.”

Sai ta cire yarinyar daga nono ta miƙo mini. Na buɗe hannu zan karɓa, ta tsaya tana kallon tafukana. Duk sun faffashe, ga kanta, ga jar ƙasar da sabulu ya kasa fitarwa daga ƙarƙashin farce.

“Mama! Da wannan hannun za ki taɓa mini Godiya? Ai sai ki kankare mata fata.”

Ta kwantar da yarinyar a cinyata, ta jawo ƙwaryar man shanun da aka aiko mata, ta buɗe, ta kama hannuna ta fara shafawa, yatsa bayan yatsa, tana mita tana cewa tsohuwa da ita ba ta san ta girma ba. Hawayenta yana ɗiga a kan man, nawa yana ɗiga a kan zanin Godiya, ita kuwa Godiya ta yi hamma ta kama barci. Daga kicin Saratu ta ɗaga murya ta ce ruwan wanka ya tafasa tun ɗazu, in an gama kukan wani ya zo ya ɗauka, ita bayanta ya gaji.

Na tashi na ɗauko bokiti.